Kunnuwan Babur da Fatar Ragon Suna

Ƙarfe bakwai saura minti goma na safiyar wata Talata, a tsakiyar sanyi, mu huɗu ne a ɗakin farko na wani tsohon gida a unguwar Shehuri. Akwai ni, wanzamin gidan. Akwai Hajja, uwar masu gidan, wadda ba a yin komai a ciki sai ta gyaɗa kai. Akwai 'yarta, gwaggon jariri, zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafa. Na huɗu shi ne jaririn, ɗan kwana bakwai, wanda aka raɗa wa suna a ƙofar gida minti ashirin kafin nan. Na san lokacin daidai domin ni mutum ne mai duba agogo kafin ya buɗe zabira.

A kan babur na zo. A lokacin ba a hana hawa babur a cikin Maiduguri ba. Gidana yana can bayan unguwar Gamboru, inda gidaje suka fara yin nisa da juna, kuma daga can zuwa Shehuri tafiyar minti ashirin da biyar ce, har da ƙetare gada. Duk wanda ya taɓa bin gadar nan bayan sallar asuba a watan sanyi ya san iskar da ke tasowa daga kogi. Silifa ne a ƙafata, hannuwana kuwa a buɗe a kan ƙarfe. Da na sauka sai na ji yatsuna kamar aro na yi su. Na gaisa da maza a waje hannu a dunƙule, suka ɗauka ladabi ne.

Na shimfiɗa ƙyalle, na jera kaya yadda aka koya mini: aska a dama, sabulu a tsakiya, kwanon ruwa a hagu. Na yi bisimilla. Na ɗora hannun hagu a kan jaririn.

Ban taɓa jin ɗan kwana bakwai ya yi irin wannan ƙara ba. Ya sandare, ya yi jawur, ya buɗe baki har ina hango ganɗarsa. Mai hankali da ya tsaya a nan. Ni kuwa na ce a raina aiki ba ya tsayawa don kukan jariri, na kai hannun dama na ɗauki aska. Idona ya ga na ɗauka, yatsuna ba su ji ba. Ta zame ta faɗi, bakinta ya caki tabarma, tazarar yatsa biyu da ƙafar yaron.

Gwaggo ta janye shi ta rungume. Hajja ta miƙo hannu ta kama tsintsiyar hannuna, ta juya shi sama da ƙasa kamar mai duba kaya a kasuwa.

"Ɗan wanzam," ta ce, "wannan hannu ne, ko kifin da aka ciro daga firij?"

Shekarata arba'in da ɗaya a lokacin, da gemu da 'ya'ya biyar, amma tun ina riƙe wa mahaifina zabira take kirana ɗan wanzam, kuma ba ta ga dalilin canzawa ba.

Ta tura mini kaskon turaren wuta da ƙafarta. Garwashi ne jawur a ciki, hayaƙin ƙamshi yana tashi, irin wanda matan garin nan suke turara ɗaki da tufafi da jikinsu da shi. Ta ce in ɗora hannu a kai.

Na gyara zama na ce, "Hajja, wanzami ba ya ɗumama hannu a kaskon mata."

Mahaifina ya bar mini dokoki bakwai na sana'a, na rubuta su a bangon wani littafina na firamare, yana nan har yau. Kada ka makara. Kada ka zo da aska marar washi. Kada ka yi magana aska tana kan fata. Kada ka ci goro a bakin aiki. Da sauransu. Babu maganar kasko a ciki. A nan take na ƙirƙiri ta takwas, na kuma faɗe ta da muryar wanda ya gaje ta daga kakanni.

Hajja ta daɗe tana kallona. Sai ta juya ga 'yarta ta ce da Kanuri, "Har wannan ma ya gada." 'Yar ta rufe baki da gefen lafayarta. Ina jin Kanuri sarai, a unguwar Abbaganaram aka haife ni, kuma na ɗauki maganar yabo ce.

Na fita tsakar gida na zauna inda rana ta fara taɓa bango, hannuwa a hammata, rabin awa cur. Mata suna wucewa da tukwane da kwanuka, kowace sai ta ce mini wushe, wato sannu, tana danne dariya. Da yatsuna suka dawo na koma na yi askin, lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Da zan tafi aka miƙo mini fatar ragon suna a naɗe, domin al'adar gidan ce fata ta wanzami ce. Fara ce, da baƙin tabo a kafaɗa. Hajja ta rako ni har bakin zaure, abin da ba ta saba yi ba.

"Matar autana za ta sauka kafin sanyi ya wuce," ta ce. "In ka zo mini da hannun nan, zan aika a kira wani. Kakanka ya yi wa mijina aski, ubanka ya yi wa 'ya'yana, amma jikana ya fi mini su duka."

Sai na yi bayanin abin da wannan magana take nufi, saboda wanda ba ɗan sana'a ba. Wanzami ba shi da shago, gidaje yake da su. Gidan Hajja shi ne babba a cikin waɗanda na gada. In ta kira wani da safe, kafin azahar duk layin ya ji dalili, kafin magariba surukansu na Abbaganaram sun ji. Ba za a ce hannunsa ya yi sanyi ba. Za a ce aska ta faɗi daga hannunsa a kan jariri. Wanzamin da aka faɗi haka a kansa, sai ya nemi wata sana'ar.

A hanyar komawa na yi ta tunanin yadda mahaifina ya yi shekaru yana wannan aiki ban taɓa jin an yi kuka da hannunsa ba. Amsar ba ta da wuya. A Abbaganaram yake, da ƙafa yake zuwa, hannuwansa a cikin babbar riga. Ni ne na ƙaura bayan gari na sayi babur. Abin da kawai nake tunawa da shi na lokacin sanyi, in ya dawo daga suna yakan shigo gida yana ƙamshi, in mahaifiyata ta tambaya sai ya ce gaisawa da manyan mutane ce ta jawo.

Da na isa gida na ɗauki takarda na rubuta: matsala, iska. Na ja layi a ƙasa. Ina da kamar mako shida.

Abu na farko da na gwada, safar hannu ta ulu daga wajen 'yan gwanjo a kasuwar Gamboru. Iska ta ratsa ta kamar rariya. Na biyu, na sa leda a ciki sannan na ɗora safar. Minti goma na farko na yi murna, daga nan hannu ya yi gumi, gumin ya huce, na isa inda za ni yatsuna sun fi na ranar Talata mutuwa. Na uku na ƙafa ne. Na lura salansa tana da zafi, sai na riƙa matsar da ƙafar dama kusa da ita. Silifa ya narke ya manne, na samu tabon da yake nan a idon sawuna har yanzu. Ƙafar hagu kuwa ba ta san ana yi ba, tana can cikin sanyinta.

A mako na biyu na tsaya wajen mai faci a bakin gada, na tarar da wani Bashuwa, wato ɗan ƙabilar Shuwa, mai kawo nono daga ƙauye. A kowane gefe na kan babur ɗinsa ya ɗaura galan da aka yanke wa gindi, da igiyar roba, hannunsa yana shiga ciki ya kama birki da totur. Ɗaya rawaya, ɗaya shuɗi, bakinsu a karkace.

Na ce masa, "Malam, wannan wace irin ƙazanta ce ka ɗaura wa abin hawa?"

Bai yi fushi ba. Ya miƙo hannu ya ce, "Taɓa."

Na taɓa. Ɗumi kamar wanda ya fito daga bargo, alhali tun kafin asuba yake kan hanya. Ban yi masa godiya ba. Na ce masa dai bai yanka su daidai ba.

Na ƙudura zan yi irinsa, amma na masu tsari. Na samo galan biyu na man inji, girma ɗaya, na wanke da omo sau uku. Na ari tef ɗin awo na matata, mai ɗinki ce, na auna daga wuyan hannu zuwa ƙarshen yatsa, na ƙara yatsa uku saboda birki. Na zana da alli kafin na yanka. Na kai wa mai walda ya yi mini ƙarafa masu noti, domin ba zan ɗaura komai da igiyar roba ba. Na kuma tsaga babbar jarka biyu, aka kafa kowane ɓari a gaban wurin ɗora ƙafa, ya tare iska daga gwiwa zuwa yatsa. Duka na shafa musu baƙin fenti. Da a nan na tsaya, da ba ni da labarin da zan rubuta.

Amma roba tana da sanyi in hannu ya goge ta, kuma fatar ragon nan tana rataye a bayan ɗaki. Sai na ga ai shimfiɗa ce ta samu. Abin da kowa ya sani shi ne, fata sai an kai wa majema, su jiƙa, su kankare, su sa bagaruwa, ta yi kwanaki a hannunsu kafin ta zama abin amfani. Ni ma na sani. Amma na ce a raina shekara ashirin da biyar ina aiki da aska a kan fatar ɗan Adam, ta rago ce za ta gagare ni? Na ɗauki wata tsohuwar aska na kankare kitsen da na gani, na barbaɗa gishiri da toka, na shanya kwana huɗu. Ta bushe ƙamas. Na yanka gida huɗu, biyu na hannu biyu na ƙafa, na huda roba na ɗinke su a ciki da zaren buhu, gashi yana kallon hannu.

Matata ta fito ta tsaya tana kallo.

"Malam, fatar nan ba ta jemu ba."

"Ta bushe."

"Bushewa daban, jima daban. In ta ji ɗumi za ta farka."

"Ki kula da kekenki," na ce, "ni zan kula da nawa."

Ta ce to, ta koma ciki. Irin wannan to ɗin na san shi, amma ina cikin aiki.

Washegari na fita gwaji. A mahaɗar da ke kusa da gidana 'yan acaɓa suke taruwa suna jin wuta. Da suka hango ni sai suka miƙe tsaye gaba ɗaya.

"Baba wanzam, babur ɗin ne ya yi kunne?"

"Kai, ba kunne ba ne, jaki ne da mangala."

"Baba, in ya haihu a ajiye mini ɗaya!"

Wani ya zagayo ya leƙa ciki ya ce, "Wallahi har da gashi. Baba, aski za ka yi masa a hanya?"

Na dube su ɗaya bayan ɗaya na ce, "Ku da hannuwanku kamar busasshen kifi. Mu haɗu a watan gobe mu ga wanda ya yi dariya." Na ja totur na bar su.

Gaskiya kuma abin ya yi aiki. Ba zan rage wa kaina wannan ba. Na tsara gwaji: in tashi daga gida ƙarfe shida, in ƙetare gada, in tsaya a bakin wani masallaci a Shehuri, in ciro allura da zare daga aljihu in zura. Ranar farko na zura a karo ɗaya. Ta biyu haka. Ta uku haka. Ƙafafuna kuwa, da silifa kawai, kamar suna cikin ɗaki. Na rubuta sakamakon a takardar nan, na ja layi biyu a ƙasa. Har na fara tunanin in koya wa sauran wanzamai, in sun zo da ladabi.

Wajen kwana na goma matata ta ce in daina shigo da babur tsakar gida. Na tambayi dalili, ta ce kyanwar maƙwabta ta kwana a kansa jiya, yau kuma ta zo da 'yan'uwanta. Na ce ɗumi suke bi, wannan ma shaida ce. Ta ce in wanke hannu kafin in ci tuwo. Na ce ni da nake wanke hannu sau goma a yini ba za a koya mini tsafta ba.

Abin da ya faru a cikin galan ɗin shi ne abin da ta faɗa. Raɓar safe tana jiƙa fatar, ɗumin hannuna yana dafa ta, da rana kuma baƙin fentin da na yi alfahari da shi yana tara zafi. Kitsen da ban gani ba ya farka. Amma wari yana zuwa ne a hankali, kuma wanda yake ɗauke da shi hancinsa yakan saba. Akwai wani dattijo a Abbaganaram da nake yi wa aski duk Alhamis. Ina cikin gyara masa gemu sai ya kau da kai ya ce, "Kai, kwatar layin nan ta lalace a 'yan kwanakin nan." Na ajiye aska, tunda doka ta hana magana tana kan fata, na yi masa jawabi na minti biyar a kan yadda mutanen yanzu ba su damu da tsafta ba. Ya saurara yana numfashi ta baki.

Matar autan Hajja ta sauka ranar wata Asabar, mace aka samu. Suna ya kama Asabar ta gaba. Sanyin safiyar ya fi na wancan karon. Na tashi da wuri, na sa farar riga, na wasa aska, na hau. A kan gada na ji iska tana dukan roba tana komawa, na yi murmushi ni kaɗai. Na kafe babur a ƙofar gidan, inda kowa zai gani.

Ɗaki ɗaya, tabarma ɗaya, gwaggo ɗaya. Sai dai wannan karon mata sun fi yawa a bakin ƙofa, domin labarin wancan karon ya zaga. Ɗakin ya cika da ƙamshin turaren wuta da humra. Kafin in buɗe zabira Hajja ta ce, "Kawo hannun."

Na miƙa duka biyu, kamar ɗalibin da ya san ya ci jarrabawa. Ta taɓa bayan, ta taɓa tafin, ta matsa yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"Da ɗumi," ta ce.

"Da ɗumi, Hajja. Kuma ba da kasko ba."

Ba ta saki ba. Na ga hancinta ya motsa. Ta ɗaga hannuna na dama ta kai kusa da fuskarta, ta janye kai da sauri kamar an mare ta.

"La'ilaha illallahu. Ɗan wanzam, me ya mutu?"

"A ina, Hajja?"

"A hannunka! Daga mahauta kake?"

Gwaggo ta ja jaririyar baya. Wata daga bakin ƙofa ta ce ita dama tun shigowarsa ta ji, ta ɗauka ɓera ne a rufi. Na fara bayani daga farko, da tsari: matsalar iska, safar ulu, leda, galan, awo. Ban kai ga mai walda ba Hajja ta miƙe ta ce a nuna mata. Ta fita har ƙofar gida, abin da ya sa mazan da ke cin shinkafar suna suka tsaya da ci. Ta zagaya babur sau ɗaya. Ta sa sandarta ta ɗaga bakin galan na dama ta leƙa. Baƙin tabon kafaɗa yana nan a fili.

"Wannan ai ragon jikana ne," ta ce. "Mun ba ka fata ka yi buzun salla, ka je ka yi wa babur safa. Ɗanya kuma."

"Na sa gishiri, Hajja."

"Gishiri! Miya za ka yi da ita?"

Ban taɓa jin maza da mata sun yi dariya tare a gidan nan ba sai ranar. Wani tsoho har shinkafa ta sarƙe shi.

Muka koma ciki. Ta ce ba za a taɓa mata jika da wannan hannu ba sai an wanke. Aka kawo sabulu da buta. Ruwan zafin da ke gidan duk ya tafi wankan mai jego, na randa ne ya rage, wanda ya kwana a waje. Na wanke sau ɗaya, ta sansana, ta ce a sake. Na biyu, a sake. Na uku da toka. Na huɗu da lemon tsami. Da aka gama warin ya ragu, bai tafi duka ba, yatsuna kuwa sun koma daidai yadda suke ranar Talatar nan. Mako shida na aiki, da awo da walda da fenti, ruwan randa ya wanke su a minti bakwai.

Hajja ta taɓa hannun ta ce, "Kifin ya dawo." Sai ta juya ga wata jikarta babba ta ce ta leƙa waje ta gaya wa baffanta ya shirya zuwa kiran wanzamin da ke bayan kasuwa. Ba da wasa ta faɗa ba. Jikar ta fara neman takalminta.

Kaskon yana nan a gefen tabarma, inda yake wancan karon. Na dube shi. Na dubi matan da ke bakin ƙofa, sun kai goma sha biyu. Na tuna dokar da na ƙirƙira da bakina a ɗakin nan. Na kuma tuna littafin firamare, da dokoki bakwai, da cewa in yarinyar nan ta fita da saƙon, ba ni da sana'ar da zan bar wa 'ya'yana tare da su.

Na ce, "Hajja, a dakata."

Na matsa na durƙusa a gaban kaskon, na miƙa hannuwa a kai.

Hajja ta matso kusa. Ta ƙara garwashi, ta barbaɗa turare, ta ciro wani tsohon mayafi ta lulluɓe hannuwana da kaskon gaba ɗaya don kada hayaƙin ya tsere, yadda ake yi wa kayan amarya. Wata ta yi guɗa a hankali, aka kwashe da dariya, Hajja ta daka musu tsawa da Kanuri suka watse. Muka rage mu huɗu.

Ɗumin ya fara shiga ta ƙarshen yatsu, da ɗan zafi kamar ana tsira allura, sannan ya bazu. Kaina yana ƙasa. Sai na ji ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Ubanka ma haka ya yi mini a karon farko. Wai kaskon mata. Sai da surukata ta kore shi ya dawo."

Na ɗaga kai.

"Shekara talatin ina aika masa kasko zaure kafin ya shigo. Sharaɗinsa biyu, kada kowa ya tsaya yana kallo, kada kuma a faɗa a gidansa. Kai kana waje kana riƙe da zabira, kana ƙirga awaki."

Na ce, "Ya ce mana gaisawa da manyan mutane ce."

"To, ni ƙaramar mutum ce?"

Bayan minti goma ta yaye mayafin, ta taɓa, ta sansana, ta gyaɗa kai. Aka kira jikar aka ce ta bar takalmin. Na jera kaya: aska a dama, sabulu a tsakiya, ruwa a hagu. Na yi bisimilla, na ɗora hannun hagu a kan jaririyar. Ta ɗan motsa baki ta ci gaba da barcinta, har na gama ba ta farka ba. Da zan tafi aka ba ni fatar ragon wannan sunan, amma Hajja ta ce ba a hannuna ba, za a kai wa majema da kansu, in je in karɓa in ta jemu.

Da na shiga gida matata ta ɗaga kai daga keken ɗinki, ta shaƙi iska, ta ce, "Malam, yau kuma ƙamshi?"

Na buɗe baki zan ce gaisawa da manyan mutane ce. Sai na fasa, na gaya mata gaskiya, daga farko har ƙarshe, da tsari. Ta yi ƙoƙari ƙwarai ta danne dariya, sai da na kai wurin guɗa sannan ta kifa kai a kan keken.

A ranar na farke ɗinkin na binne fatar a bayan gida, da zurfi, saboda kyanwoyi. Galan ɗin da kariyar ƙafa ban cire ba. Matata ta yanka tsohon bargo ta ɗinka musu shimfiɗa mai cirewa a wanke, kuma sun yi mini sanyi uku lafiya. Kafin na biyu ya fita, rabin 'yan acaɓar mahaɗarmu sun yi wa baburansu kunne, babu wanda ya zo ya ce mini na gode, kamar yadda ni ma ban ce wa mai nono ba. Daga baya aka hana babur a gari saboda halin rashin tsaro da aka shiga. Nawa na sayar wa wani ɗan ƙauye, galan ɗin kuma yanzu kaji ne suke shan ruwa a ciki. A keke nafef nake zuwa suna, hannuwa a cikin riga. Duk da haka in sanyi ya yi sanyi, yatsun mai shekara irin nawa ba sa jin magana da wuri.

Hajja ta rasu, Allah ya jiƙanta. 'Yarta ce take aiko mini da kasko zaure yanzu. A littafin firamare na ƙara doka ta takwas da hannuna, ba irin wadda na faɗa ranar Talata ba.

Amma gidaje da yawa ba su san wannan ba, kuma wanzamai ba za su faɗa ba, na san halinmu. Don haka ga roƙona gare ka, mai karatu. In haihuwa ta zo gidanka a watan sanyi, ranar suna ka sa a ajiye kasko da garwashi a zaure kafin wanzami ya iso. Kada ka tambaye shi ko yana so, domin zai ce a'a. Ka ajiye, ka fita, ka ja ƙofa, ka ba shi minti goma. In ya fito yana ƙamshi, kada ka ce komai.